Zuwa ga ɗana da ke Gamkalle

Assalamu alaikum ɗana, ya baƙunta, ya zafin Yamai. Nan Tawa kowa lahiya lau, innarka ce ta matsa sai na rubuto maka, ta ce in kun yi waya ba ka faɗin komi sai lahiya lau lahiya lau ka kashe.

Mun yi murna da aikin nan da ka samu a izin, wato masana'anta, Allah shi sa albarka. Amma akwai abin da nike so ka gane tun yanzu. Mu mutanen Adar bida munka saba da ita, kakanninka da baffanninka Abijan sunka sani, a tafi bayan girbi a komo in damina ta faɗi, mutum yana can amma jakarshi na rataye ga ƙusa kuma rabin hankalinshi na gida. Aikin izin ba cin rani ba ne. In ka zauna zaman wanda zai tashi gobe, shekara biyar za ta iske ka ba takarda ba maƙwabci ba ajiya, kuma ƙarfin ya fara tafiya.

Takardar nan ita ta fi damuna. Ka ce har yau kuɗin yini ake biyanka, to ba laifi ga sabon shiga amma kar abin ya daɗe. Ka samu shugabanku cikin ladabi, ba gaban mutane ba, ka tambaye shi yaushe za a yi maka kwantara a rubuce kuma a sa sunanka a CNSS, asusun da ke kula da fansho da haɗarin aiki na ma'aikata, ka ga lambar da idonka ka ɗauki hotonta ka turo mani. Doka ta ce awa 40 ne aikin sati, abin da ya ɗara nan akwai kuɗinshi daban, kuma tun farkon 2024 albashi mafi ƙanƙanta jikka 42 ne a wata. Ban ce ka tada rigima ba hwa, sani kawai nike so ka yi. Akwai wani yaro nan unguwarmu da inji ya cinye mashi yatsu uku, da aka bincika sunanshi bai cikin ko wane littafi, aka ba shi kuɗin mota da na magani ya komo gida, ko hauya bai iya riƙewa yanzu. Don haka ka sa takalmin aiki da safar hannu da abin rufe hanci ko da abokai na yi maka dariya, ko da zafin watan Afrilu ya wuce 40, kuma jallabiyar nan taka mai faɗin hannu ka bar ta sai ranar Juma'a, kar ta kusanci bel ɗin inji. In kuran ya ɗauke kar ka sa hannu cikin inji don ka ga ya tsaya, ba sallama yake yi ba in zai dawo.

Batun ɗaki, na ji ka ce ka samu mai arha wajen bakin gulbi. Arhar nan tana da dalili. A 2020 gulbin Isa ya cika ya shiga unguwannin bakin ruwa, su Saga da Lamorde da Kirkisoy, mutane da yawa sun kwana a azuzuwan lakwal. Kafin ka ba da kuɗin wata uku ka duƙa ka dubi gindin bangon, in ka ga wani layi mai duhu ya zagaye ɗakin kamar daidai gwiwa, ko sabon siminti daga ƙasa tsohon yaɓe daga sama, to ruwa ya taɓa kwana nan. Mai gida ba zai faɗa maka ba, tambayi mai shayin bakin titi. Gara ka ƙara jikka biyu ka hau tudu, kusa da aiki yadda za ka taka da ƙafa ka huta da kuɗin taksi da faba-faba. Sange kuma dole ne, sauron bakin gulbi da na gonakin shinkafar Saga ba irin namu na Tawa ba ne.

Na san kana tare da yaran garinmu, ku ci tare ku yi hira tare, ban hana ba. Sai dai ranar da masassara ta kayar da kai da tsakar rana duk suna wurin aiki, tsohuwar gidan da kake haya ce za ta leƙo. Ka gaishe ta kullum da safe, da Zabarmanci in shi take yi, fofo da mate ni go ba su da wuya, kuma ko da ta iya Hausa za ta ji daɗi ka gwada. Ka je ka gaida mai unguwa da liman su san fuskarka da ɗan wane ne kai. In an yi rasuwa a layinku ka tafi jana'iza ko ba ka san mamacin ba, in suna ne ka kai ko ɗan sabulu. Fada kuwa ka zauna kwana biyu kana kallo kafin ka zama ɗan ciki, wadda ka ga ana miƙa ƙwaya tare da kofin shayi wai don ƙarfin aikin dare, tashi ka bar masu abinsu, tramol ta lalata yaran da sunka fi ka ƙarfi.

Kuɗin da ka turo ta Nita sun iso, Allah shi yi maka albarka, amma sun yi yawa ga mai sabon aiki. Hatsinmu zai kai mu kaka in sha Allah. Rage abin da kake aikowa, ka biya mai shago da mai tuwo ranar da ka ɗauki albashi tun kafin ka shiga ɗaki, sauran ka shiga adashi da mutanen da ka san inda suke kwana.

Innarka za ta ba motar ranar Asabar saƙo, akwai cuku da ƙuli-ƙuli da yaji da sangen da ta saya maka, sunanka na rubuce bisa kwalin, ka tafi tasha da wuri ka amsa. Ka kira ta bayan isha'i ka ba ta labari da tsawo, har kalar ƙofar ɗakinka take son ta sani.

Babanka