Godiya ga bargar da ke riƙon dokina, da likitanta

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaban barga, da Likita, da samarin da ke kwana suna tashi da dawakinmu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin yaba kyauta tukuici, kuma ina so sauran masu dawaki su ji abin da na gani a wurinku.

Abin da ya ja ni na kawo muku kilina shi ne likitan dabbobi da ke zaune a cikin bargar, dare da rana. Wasu na ganin wannan ƙarin ado ne kawai, tunda ana iya kiran likita a waya in ta kama. Masu faɗin haka ba su san cikin doki ba. Duk girman nan nasa, tumbinsa bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, hanjinsa kuwa ya doshi mita 30, ga lanƙwasa ga wuraren da yake tsukewa. Sannan doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga, hanyarsa ɗaya ce, in kuma ya tsaya ko iska ta taru, sai dai a taimake shi da hannu. Shi ya sa ciwon ciki yake cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki, kuma lokacin da za a ɓata wajen jiran likita ya iso daga nesa yana iya zama shi ne ajalin dabbar.

Daren da ciwon ciki ya kama dokina, yaron da ke zagaye ne ya fara lura. Ya ga bai taɓa abincinsa ba, yana tonon ƙasa da ƙofato, yana waiwayen kwiɓinsa, kuma ɗakin babu sabon kashi. Bai ce bari gari ya waye ba, nan take ya taso Likita. Ko da na iso, Likita, na tarar ka riga ka auna bugun zuciyarsa, wanda a lafiyayyen doki yake tsakanin 28 da 44 a minti, ka ce nasa ya ɗan haura. A gabana ka ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa kana kallon yadda jan ke dawowa, ka kara abin saurare a kwiɓinsa dama da hagu kana neman kukan hanji. Ka yi masa allurar rage zafi, ka zura roba ta hancinsa har tumbi, sai da ka tabbata ruwa bai taru a ciki ba sannan ka ɗura masa. Aka kwashe abincin gabansa, aka kama ragama ana zagayawa da shi a hankali.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba ka ɓoye mini komai ba. Ka ce in zafin ya dawo duk da allurar, ko bugun ya ci gaba da hawa, to aikin tiyata ne, za a wuce da shi babban asibiti, kuma ka riga ka sa an shirya motar ɗaukarsa. Alhamdu lillahi ba a kai ga haka ba. Da asuba ya yi kashi, ya fara neman ciyawa. Duk mai doki ya san irin sanyin da ke sauka a zuciya a wannan lokaci.

Ba ku tsaya nan ba, kuka bi sawun abin da ya jawo. Ashe da sanyi ya shigo ya rage shan ruwa, dabbar da ke buƙatar sama da lita 20 kowace rana. Haƙoransa na ciki kuma sun yi kaifi suna yankar kumatunsa, yana haɗiye ciyawa ba tare da ya tauna sosai ba. Aka goge haƙoran, aka kuma fara ƙirga bokitin da yake sha. Likitan da aka kira sau ɗaya zai yi magani ya tafi. Wanda yake ganin dokin kullum, yana da littafin da ke nuna zafin jikinsa da cinsa tun yana lafiya, shi ne zai gane canji tun yana ƙarami.

Sauran aikinku ma haka yake. Ana gyara ƙofato duk mako 6 zuwa 8, rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki, ba ya wuce lokacinsa, ba a ba da maganin tsutsa sai an duba kashi, kuma ba a canza wa doki abinci rana ɗaya. Na san akwai masu ƙorafi kan keɓe sabon doki na mako biyu zuwa uku kafin ya haɗu da sauran. Ina roƙonku kada ku sassauta a kan wannan ko don waye, domin doki ɗaya mai mura ya isa ya kwantar da barga guda.

Samarin barga, ku ne ba a cika ambata ba, alhali ku ke sharar ɗaki, ku ke ɗibar ruwa, ku ke tashi cikin sanyin dare. Shi yaron da ya taso Likita, ina roƙon shugaba ya isar masa da godiyata ta musamman a gaban abokan aikinsa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa sana'arku albarka, ya tsare ku da dabbobin da ke hannunku.

Wassalam.

Naku,
Mai kilin da ke ajiye a bargarku