Zuwa ga 'yata mai fama da laulayi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki, ya mai gidan? Yayarki ta ba ni labarin halin da kike ciki. Da baki kunya ba za ta bar ni in yi miki wannan magana ba, shi ya sa na rubuto.

Kada ki yarda ki zauna ciki ba komai. Yunwa ce ke ƙara tayar da zuciya, ko da kina jin ba ki sha'awar komai. Ki ajiye biskit mara zaƙi ko busasshen burodi kusa da matashinki, ki ɗan ci kafin ki sauko daga gado, ki jira kamar minti 15. Da rana ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6. Soye-soye da yaji ki jingine su tukuna. In ƙamshin girki ne ke dagula miki, ki bar abincin ya huce, don mai tururi ya fi shiga hanci. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi, tsakanin ci da ci.

Citta na taimaka wa mata da yawa. Ki yanka ɗanya siriri, ki jiƙa a ruwan zafi, ki matsa lemun tsami. In garinta ne, rabin ƙaramin cokali, wato kusan gram 1, ya isa wuni guda. Kin san halinki da wuce gona da iri, in kin yawaita ƙwannafi za ta jawo miki.

Akwai wata dabara da na gani lokacin da Goggonki ke karɓar maganin sankara. Ki ɗora yatsu 3 a cikin wuyan hannunki daga inda yake lanƙwashewa. Nan ƙasansu, tsakanin jijiyoyi biyu, ki danna da babban yatsa na minti 2 ko 3. Wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu, amma ba ya cutarwa. Ita har cokalin roba ta koma, saboda ɗanɗanon ƙarfe da ke bakinta. Duk da haka ba ta taɓa ajiye maganin aman da likita ya rubuta mata ba, ko citta ma sai da ta tambaye shi.

Yawanci laulayi kan lafa wajen sati na 14 zuwa 16. Amma in kika wuni kika kwana ko ruwa bai zauna ba, fitsari ya yi duhu, ga jiri, ga rama, to ya wuce dabarar gida, asibiti za ki a yi miki ƙarin ruwa. Duk wanda ya kawo miki jiƙe-jiƙe ko kanwa, ki yi godiya ki ajiye. In maganin ƙarin jini ne ke tayar miki da zuciya, ki faɗa musu a wurin awo, kada ki daina da kanki.

Ƙaninki zai zo miki da citta da lemun tsami ranar Asabar. Ki gaishe mini da surukarki.

Mamarki