Ba mai laifi ne kaɗai ke da sirri ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin rediyonku na daren Asabar, wai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya damuwa ko da gwamnati tana sauraren wayarsa, ta ɓata mini rai ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne yadda mai gabatarwa ya bar ta ta wuce, bai yi masa ko tambaya ɗaya a kai ba. Wanda ya sa wa ɗakinsa ƙyaure ai ba ɓarawo ba ne. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, sashe na 18 na tsarin mulkin Ghana na 1992 kuma ya kare sirrin gida da wasiƙa da sadarwar kowane mutum, sai a inda doka ta fayyace dalili.

Baƙon ya yi ta ba mu tabbaci kamar a wata ƙasa muke zaune. A nan Ghana ne, a watan Mayun 2020, babbar kotu a Accra ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku saboda dala miliyan 4 na hukumar sadarwa ta ƙasa da aka fitar domin sayen Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda ke shiga wayar mutum ta karanta saƙonninsa, ta kunna kyamara da makirufo shi bai sani ba. A nan ne kuma, lokacin annobar korona, aka umarci kamfanonin waya su miƙa bayanan masu layi, har sai da wani lauya ya kai ƙara, kotu ta yanke a 2021 cewa an keta sirrin jama'a. Duk mai zuwa rediyo ya yi maganar sauraren waya, ya kamata ya san waɗannan shari'o'i biyu kafin ya buɗe baki.

Ni abin ya taɓa ni a gida. Mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai a Aboabo. Da aka fara sabunta rajistar layi da katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a Oktoban 2021, an ce mana ana yi ne domin a kawo ƙarshen 'yan damfara, don haka ta bar sana'arta ta je ta bi layi cikin rana. Wani yaro a ƙarƙashin lema ya ɗauki hoton katinta da fuskarta da yatsunta da wayar da ke hannunsa. Bayan wasu watanni wani ya kira ta, ya ambaci cikakken sunanta yadda yake a kan katin, sunan da ko maƙwabtanmu ba su sani ba domin kowa Hajiya yake ce mata. Ya ce daga ofishin kamfanin waya yake, za a rufe mata asusun MoMo, wato asusun kuɗinta na waya, idan ba ta tabbatar da shi ba nan take. Ta danna lambar sirrinta, kuɗin adashin da ta ɗauka a makon suka tafi gaba ɗaya. Da na raka ta ofishin kamfanin, amsar da muka samu ita ce tunda da hannunta ta sa lambar, babu abin da za a yi mata. Babu wanda ya damu ya binciki ta inda sunanta ya isa hannun wannan mutumin. Har yau gabanta faɗuwa yake yi idan baƙuwar lamba ta kira ta.

Me tsohuwar nan take ɓoyewa? Ta ba da duk abin da aka nema daga gare ta, kuma ita ce ta yi asara. Mu mutanen zango muna da ƙarin dalilin yin hattara da duk wani jerin sunaye da ke hannun hukuma, domin iyayenmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, kuma gwamnatin da ta karɓi bayananka yau ba lallai ita ce za ta riƙe su gobe ba.

Ina roƙonku ku gayyaci jami'in hukumar kare bayanan jama'a, wadda dokar 2012 ta kafa, ya zo ya faɗa mana da Hausa, ko ta bakin tafinta, wa ke ajiye hoton yatsunmu, wa ke da izinin buɗe shi, kuma ina talaka zai kai kuka idan bayanansa suka fita. Ku kuma riƙa maimaita wa masu sauraro lambar 292 ta hukumar tsaron intanet, wadda ake kai rahoton damfara ta waya, domin a shirin ba a ambace ta ba ko sau ɗaya.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya a tsakiyar shirin. Shi ya cinye lokacin masu kira, har aka katse wata baiwar Allah daga Asawase tana tsakiyar bayanin yadda aka yi rajistar layi da katinta ba da saninta ba. Ku nemo ta ta ƙarasa maganarta a shiri na gaba.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Aboabo, Kumasi.