Kashe-kashen Whitechapel na 1888: a san yadda aka ɗauki hoto kafin a kafa hujja da shi

Assalamu alaikum. Edita, ina neman ɗan fili in yi gyara kan labarin matan da aka kashe a unguwar Whitechapel ta gabashin Landan a 1888, wanda kuka kawo a shafin tarihi. An sa wa hotunan da suka raka labarin taken "wurin da aka yi kisa", kuma an ɗauko maganganun jaridun wancan zamani kamar duk nauyinsu ɗaya. Duka biyun akwai gyara.

Cikin matan biyar da aka fi dangantawa da makashi ɗaya, Mary Jane Kelly kaɗai aka ɗauka hoto a inda aka kashe ta. Hotunan Mary Ann Nichols da Annie Chapman da Elizabeth Stride na ɗakin ajiye gawa ne, fuska kawai suke nunawa. Fitaccen hoton Catherine Eddowes, wanda ɗinki ya ratsa daga ƙirji zuwa ciki, an ɗauke shi ne bayan likita ya gama binciken gawa ya ɗinke. Wanda ya ƙirga wannan dogon tsagi cikin aikin makashi ya haɗa hannun likita da na mugu. Mai son sanin yadda raunukan suke tun farko, zanen da Frederick Foster ya yi da ƙarfe 3:45 na asubahin 30 ga Satumba da rahoton Dakta Gordon Brown, likitan da ya binciki gawar, sun fi hoton amfani.

Hoton ɗakin Kelly ma ba a lokacin da aka ga gawar aka ɗauke shi ba. Thomas Bowyer ya leƙa ta fasasshiyar taga da misalin 10:45 na safiyar 9 ga Nuwamba, ya je karɓar kuɗin haya. 'Yan sanda suka tsaya jiran karnukan bin sawu da ba su zo ba, sai 1:30 na rana aka ɓalle ƙofa. Ɗaki ne ɗan ƙarami, bai wuce ƙafa 12 a kowane gefe ba, ga likitoci, ga jami'ai, ga kyamara mai ƙafa uku. Hoto na biyu, wanda bai bayyana ba sai 1988, an ɗauke shi daga bayan gado ana kallon tebur, alhali Dakta Phillips, likitan 'yan sanda, ya shaida cewa gadon a manne yake da katangar katako. Ke nan ko an ja gadon, ko an cusa kyamarar a wani matsattsen wuri. Duk wanda zai auna tazarar gado da tebur daga waɗannan hotuna biyu sai ya sa wannan a lissafi.

Sai kayan aikin kansu, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Farantin gilashin da ake ɗaukar hoto da shi a lokacin ba ya kama launin ja; ja baƙi yake fitowa. Jini da inuwa da dattin bango duk kala ɗaya suke a hoton. Farantin da ke kama dukkan launuka bai shiga kasuwa ba sai wajen 1906. Ƙari a kan haka, abin da ke yawo a intanet yau hoton hoton hoto ne: an buga a littafi, an sake ɗauka daga littafin, an matse shi a kwamfuta, wani ya ƙara masa haske, wani ma ya shafa masa kala. Kowane mataki yana haifar da ɗigo da layukan da babu su a asali. Daga nan ne masu cewa sun ga haruffa biyu rubuce da jini a bango suka samo hujjarsu, maganar da ta yi ƙarfi bayan 1992 da aka fito da wani kundi da ake jingina wa wani mai suna James Maybrick, wanda a ciki marubucin yake iƙirarin shi ne makashin. Likitocin da suka tsaya a ɗakin da idonsu ba su ambaci wani rubutu ba. Idan abu ya fito a kwafi na biyar amma babu shi a rahoton wanda ya shiga ɗakin, kwafin ake tuhuma.

Abin da ya fi cancantar hoto kuwa ba a ɗauke shi ba. Rubutun alli da aka gani a titin Goulston, a bango, daidai saman inda aka tsinci guntun ƙyallen jikin Eddowes, an wanke shi da misalin 5:30 na asuba bisa umarnin Kwamishinan 'yan sanda Charles Warren, don gudun kada a far wa Yahudawan unguwar. Abin da ya rage kwafin hannu ne, kuma sun saɓa. Na ɗan sanda Alfred Long yana cewa Yahudawa su ne mutanen da ba za a zarga a banza ba. Na wani ɗan sandan, Daniel Halse, yana cewa Yahudawa ba su ne mutanen da za a zarga a banza ba. Kalma ɗaya ce ta sauya wuri, har yau ana jayayya a kanta.

Game da jaridu, ba za a iya watsar da su ba, domin takardun kotun binciken mutuwa na Nichols da Chapman da Stride sun ɓata. Na Eddowes da Kelly ne suka tsira. Amma rahoto iri biyu ne. Akwai na ɗan jaridar da ya zauna a kotu yana rubuta shaida kalma da kalma, kamar yadda The Times da Daily Telegraph suka riƙa yi. Wannan ana jera jaridu biyu ko uku a ga inda suka dace. Akwai kuma na kan titi, wanda jaridun yamma ke tattarawa cikin gaggawa daga bakin maƙwabta. Jaridun ranar 10 ga Nuwamba sun ce Kelly tana zaune da ɗanta ƙarami. Babu wani yaro. Kuma ganin labari ɗaya a jaridu goma ba shaida goma ba ce. Kamfanonin dillancin labarai irin su Central News da Press Association ne ke rarraba rubutu ɗaya, sai a duba ko jimlolin iri ɗaya ne.

Misalin Israel Schwartz, wanda ya ce ya ga wani mutum yana cin zarafin Stride a titin Berner daren da aka kashe ta, ya isa darasi. Ta bakin tafinta ya yi bayani, domin ba ya jin Turanci. A rahoton Babban Sufeton 'yan sanda Swanson, mutum na biyun da ya gani a titin Berner yana kunna lofe ne. A jaridar The Star ta 1 ga Oktoba, lofen ya zama wuƙa. Haka labarin inabi: Matthew Packer, mai sayar da 'ya'yan itace a titin Berner, ya fara ce wa Saje White bai ga kowa ba, bayan 'yan kwanaki Evening News ta fito da cewa ya sayar wa Stride da wani mutum inabi. Dakta Phillips ya shaida cewa babu ɓawo ko ƙwayar inabi a cikinta, abin da ke hannunta na hagu 'yan alewar ƙamshin baki ne a takarda. Labarinku ya ɗauki inabin ya bar likitan. The Star ɗin ce kuma ta yayata "Mai Walki", laƙabin wani da ake zargi da kisan, har aka kama John Pizer ranar 10 ga Satumba, aka sake shi bayan an tabbatar da inda ya kwana. Shi kansa laƙabin da duniya ta san makashin da shi, wato "Jack the Ripper", daga wata wasiƙa ya fito da ta isa ofishin Central News ranar 27 ga Satumba, kuma Robert Anderson, shugaban sashen binciken laifuka a lokacin, ya rubuta a 1910 cewa aikin ɗan jarida ce.

Zane-zanen Illustrated Police News da kuka sa ma ba hotuna ba ne, hasashen mai zane ne da ya ji labari.

Roƙona biyu ne. A gyara taken hotunan a rubuta inda aka ɗauki kowanne da lokacin. Hoton ɗakin Kelly kuma a cire shi daga shafin; 'yar mutane ce mai kimanin shekara 25, gawa tana da haƙƙin sutura, kuma zanen taswirar ɗakin zai nuna wa mai karatu gado da tebur da taga fiye da yadda wannan baƙin hoto zai nuna.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Zariya.