Ba Kowane Tari Ne Tarin Fuka Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya sami kawuna, manomin rani a bakin kogin Galma. Shekara biyu yana tari, ya rame, zufa tana jiƙa masa riga kowane dare. Aka duba kakinsa a madubin gwaji, aka ga jajayen ƙwayoyi, aka ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata 6. Ya shanye tas, tari na nan. Wasu suka ce tsallake kwanaki yake yi. Wallahi ni nake miƙa masa da hannuna bayan sallar asuba.

Sai da na'urar gwajin kaki ta GeneXpert ta nuna babu tibi, wato tarin fuka, wani likita ya sa a shuka kakin a kwalba. Cikin mako guda abu ya tsiro: Mycobacterium abscessus, dangin ƙwayar tibi da ke zaune a ƙasa da ruwa. A madubi kamarsu ɗaya, amma maganin tibi ba ya kashe ta.

Ma'aikacin ɗakin gwajin ya nuna mini ta bayan gilashi. Ya ce siffa biyu take tsirowa da ita. Akwai mai santsi da sheƙi kamar ɗigon man shanu, saboda maiƙon da ya lulluɓe ta. Akwai busasshiya mai kaushi kamar ƙanzo, wadda ta rasa maiƙon, tana haɗuwa kamar igiya har sojojin jini su kasa haɗiye ta, kuma ita ta fi ɓarna a huhu. Ta kawu mai kaushin ce. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne, in aka gwada mata maganin clarithromycin a ɗakin gwaji, a kwana 3 sai a ga kamar ya ci ta, a kwana 14 ta bijire.

Mu kuwa duk tarin da ya taso, maganin azithromycin, ɗan'uwan clarithromycin, muke saya masa a kemis. Magani ɗaya tilo yakan koya wa irin waɗannan ƙwayoyi taurin kai, ban sani ba sai yanzu, kuma abin yana cin raina.

Ina roƙon likitocinmu, in mutum ya gama magani bai warke ba, a shuka kakinsa kafin a tuhume shi. Ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa nan a Saye, kusa da mu.

Kawu yana karɓar allurar amikacin da wasu magunguna, ana lura da jinsa domin takan taɓa kunne. A sa shi a addu'a.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya