Shuɗin hasken da ke maganin shawarar jarirai, yaushe zai iso ƙauye?

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan sam min fili.

Ni sana'ata haɗa sola da gyaran tocila da cajin waya a wani ƙauye nan yankin Ringim, kullum da fitilu nake wuni amma wallahi ban taɓa sanin haske magani ba ne sai bana da matar ƙanina ta haihu. Kwana uku da haihuwa idon yaron ya koma ruwan ɗorawa, ya rage kama nono, tsofaffi suka ce ai shawara ce a jiƙa masa sassaƙe a dinga shanya shi a hantsi. Mu dai muka kai shi asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar ta danna masa goshi da yatsa ta ɗaga, ta ce maza ku wuce birni mu ba mu da injin. A birnin kuma inji akwai, wuta ce sai ta ga dama. Allah dai ya yi da sauran kwanansa, a gadon asibiti aka raɗa masa suna.

To injin ɗin ne ya tsaya min a rai. Kun san mai gyara da leƙe-leƙe, na duƙa na duba ta ƙasa, ashe ƙwayayen LED ne, irin ƙananan ƙwayayen fitilar da ke cikin tocila, shuɗaye aka jera a faranti, yaro na kwance daga shi sai famfas an rufe masa ido da ƙyalle. Hasken ne ke ratsa fata ya sauya wani sinadari da likitoci ke ce wa bilirubin yadda zai fita ta fitsari da kashi, don in ya taru da yawa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har ƙarshen rayuwa. A lissafina na mai sola fanel biyu da batir mai kyau sun ishe shi ya kwana a kunne.

Shuɗin LED ɗin nan kuwa ba da wasa aka same shi ba. Ja da kore sun daɗe, shuɗin ne ya gagari masana kusan shekara 30, sai farkon shekarun 1990 wasu ƴan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ciwo kansa, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Duk farar tocilar da ta kori aci-bal-bal da fitilar ƙwai daga gidajenmu daga nan ta samo asali. Wanda bai yarda ba ya kwance kan tocilarsa ya duba, zai ga ɗan ɗigo rawaya, shuɗi ne a ƙasa aka shafe shi da wannan rawayar sai ido ya ga fari. Wato abun da ke warkar da jariri ɗan'uwansa na aljihun kowa, amma asibitin ƙauye bai samu ba.

Wani abun da ya fi burge ni a nan gida aka yi shi. A 2015 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Legas kan jarirai 447 masu shawarar da ba ta yi tsanani ba, aka kafa rumfa da wata leda ta musamman mai tace hasken rana, tana tare mai ƙona fata ta rage zafi ta bar shuɗin ya wuce, kuma aikinta bai gaza na injin lantarki ba. Amma fa jama'a kar a ce na ce a shanya yaro a tsakar gida, waɗancan da nas a kansu tana auna zafin jikinsu a kai a kai, kuma ba ledar kasuwa ba ce.

Fanel ɗin ma ana ta gyara shi, namu na kasuwa kashi 20 da ɗoriya na hasken rana yake mayarwa wuta, amma a 2023 masu bincike a jami'ar KAUST ta Saudiyya sun haura kashi 33 da suka ɗora wani sinadari mai suna perobskayit a kan silikon ɗin da ake yin fanel da shi. Matsalar perobskayit ɗin bai jure zafi da laima, to ina wurin gwaji ya wuce nan, ranar Afrilu ga ƙurar hunturu ga damina.

Roƙona ga kwamishinonin lafiya na Jigawa da Kano, a sa injin shuɗin haske da solarsa a kowane asibitin da ake karɓar haihuwa, malaman Jami'ar Bayero da ta Dutse da ta Wudil su gwada mana rumfar nan a yanayinmu. In an kawo na mazaɓarmu ni zan haɗa solar, ko sisi ba zan karɓa ba.

Naku,
Mai gyaran sola, daga yankin Ringim, Jihar Jigawa