Ciwon haƙori ya daina ba yana nufin an warke ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili, ƙanwata ce ta sa na ɗauki biro. Sati biyu tana fama da haƙori, ko ruwan sanyi ta kurɓa sai ta dafe kunci, da dare kuwa in ta kwanta zogi ya hana ta runtsawa, sai rana ɗaya ciwon ya ɗauke cak ta ce ai ta warke. Bayan wata guda fuska ta haye.

Likitan da ya duba ta ne ya warware mana. A tsakiyar haƙori akwai wani nama mai laushi, ɓargon haƙori, can jijiyoyi da hanyoyin jini suke. In bakteriya suka ci zaƙi suka fitar da asid suka huda kogo, ƙwayoyin da ke bakin ɓargon, odontoblas, su ke fara jin ƙamshin baƙi, sai su kira sojojin garkuwar jiki. Cikin sojojin nan, nutrofil su ke rigegeniyar zuwa, makrofej na haɗiye bakteriya, limfosayit na biyo baya. In abin bai yi nisa ba kuma aka yi ciko da wuri, haƙorin ma yakan gina sabon bango ta ciki ya lafa.

To matsalar fa ɗakin da ɓargon yake ciki a rufe yake ruf. Yatsa in ya kumbura fata na miƙewa, haƙori kuwa ina, ƙashi ma bai kai shi tauri ba, jini na ta kwararowa ta ɗan ramin saiwa kamar kafar allura, kumburin ya rasa wajen zuwa sai ya matse jijiya, ya shaƙe hanyar jinin da kanta. Wato garin kare gida sojojin suka taya rushe shi. Jijiya ta mutu ciwo ya yi shiru, gawarwakin nutrofil su zama mugunya su gangara ƙarƙashin saiwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ɗirkar antibayotik ba likita. Inda jini baya zuwa ta ina magani zai shiga? Tun 2019 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce yawancin irin wannan ciwon ba antibayotik yake so ba, sai in ya bazu har da zazzaɓi. Ko a kwashe ɓargon a cike, ko a cire haƙorin. Na ƙanwata dai cirewa aka yi.

Naku,
Mai karatu a kullum